Tsinin Addar Auta

Duk wanda ya san Maƙeri ya san abu ɗaya game da shi: ba ya yi wa adda tsini. Kawo masa gatari, kawo fartanya, kawo almakashin tela ko wuƙar mahauci, zai karɓa ya jujjuya ya ce ka dawo an jima. Amma ka kuskura ka ajiye adda a gabansa ka ce a fiƙe maka kanta don farauta, to ranar sai kunnenka ya gaya maka. Adda, in ji shi, ba mashi ba ce. Faɗin nan na kanta da kake rainawa shi ne nauyin da ke sare reshe, shi ke haƙa rami, shi ke kwashe ƙasa. In ka zubar da shi, ta tashi daga adda kuma ba ta kai wuƙa ba. Ba wai bai iya ba ne. Ya iya fiye da kowa a layin. Taurin kai ne kawai irin na mutumin da ya saba hannunsa ba ya kuskure, har ya ɗauka bakinsa ma haka yake.

Rumfarsa ta kwano ce a ƙarshen layi, tsakanin mai faci da mai walda. Uwar maƙera na tsakiya, zuga-zugin da ya gada na rataye a bango suna shan ƙura, injin wasa na lantarki na ɗaure a kan benci, a ƙarƙashinsa kuma ga bokitin ruwa da ya yi baƙi ƙirin da garin ƙarfe. A nan wani mutum ya same shi da hantsi, dogo, siriri, duk bayan hannunsa tabon harbin ƙudan zuma. Ya yi sallama, ya ce shi mai zuma ne, daji ne kasuwarsa. Ya kwance wani tsumma ya fito da adda da tsatsa ta ci, kanta a karye. Ya ce so yake a fitar mata da sabon tsini, wanda zai iya ƙarasa dabba da shi in tarko ya kama, ya kuma yi sauran hidimar daji.

Maƙeri ya gyara zama ya soma karatun nasa da ya haddace. Yana cikin cewa adda ba mashi ba ce, hannunsa ya kai kan ƙotar, sai ya dakata ya duba ta.

Shi ya sassaƙa ƙotar nan. Ga ƙusoshin jan ƙarfe da ya dasa da hannunsa, ga ɗan tudun da ya bari a gindi don kada ta suɓuce in hannu ya yi gumi. Icen ya sha riƙo har ya lotsa, amma ta gefen da bahago ne kaɗai zai lotsar da shi. Ya ɗaga ta ga haske. Kusa da inda ta karye, ko tsatsa ba ta iya ɓoye sawun dutsen wasa ba, karkatacce, mai zurfi nan, shafe-shafe can, aikin wanda ya yi da fushi da gaggawa. Addar Auta ce, ƙanensa bahago.

Su biyu Inna ta haifa da suka rayu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta isa a ce ɗa da uba. Maƙeri ya goya Auta, ya koya masa riƙe masaba, amma yaron ya tashi zuciyarsa na daji. Tun yana ɗan saurayi ya bi maharba, ya zama gwanin ɗana tarko, mai dariya da surutu, irin mutumin da in ya shigo gida sai ka rantse mutum biyar ne suka shigo. Yakan tsokani yayansa ya ce ko ƙarfe ya fi shi saurin lanƙwasa. Faɗansu kullum na harshe da haƙori ne, kafin a kai ƙofa an shirya.

Ban da na ƙarshe. Damina biyu ke nan da suka wuce, Auta ya kawo addar nan ya ce, don Allah Yaya, a yi mata tsini. Ya ce ya harbi gada ta faɗi tana shure-shure, ya rasa abin da zai ƙarasa ta da shi da wuri, abin ya tsaya masa a rai. Maƙeri ya ce a'a. Auta ya yi lallashi, ya yi wasa, ya yi magiya, shi kuwa ko gezau. Har ya kawo masa maganar abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, a gaban mai faci da mai walda, alhali yaron da ake faɗa ya ajiye gemu. Da Maƙeri ya fita karɓo gawayi, Auta ya kunna injin da kansa. Shekarunsa a rumfar ya ga ana gurza ƙarfe ana tsomawa a ruwa, amma bai taɓa tsayawa ya lura da lokacin da ake tsomawar ba. Ya danna kan addar a dutse har ya yi ja kamar garwashi, sannan ya cusa shi cikin bokiti ya ji ya yi cuu, ya ɗauka ya gama aiki.

Maƙeri ya dawo ya tarar da hayaƙi da warin ƙarfe. Kallo ɗaya ya yi wa tsinin ya san an kashe shi. Ƙarfen da ya yi ja aka jefa shi ruwa farat ɗaya tauri yake yi irin na kwalba. Yana da kaifi, amma ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle. Gyaransa kuwa ba wuya, a ɗan mai da shi wuta a hankali ya huce, ko a zubar da wurin a sake fitarwa. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Amma ransa ya riga ya ɓaci, an taɓa masa inji ba izini.

"Tunda ka zama maƙeri, je ka da abarka," ya ce. "Kada ka ƙara tako min rumfa."

Auta ya dube shi, bai yi dariya ba, ya soka addar a kube ya fita. Washegari ya shiga daji, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara ganin ko ƙyallinsa. Maharba suka bazu, aka neme shi ƙasa ko sama aka rasa. Da neman ya gaji, Maƙeri ne da kansa ya zauna gaban Inna ya ce mata ta kwantar da hankalinta, fushi Auta ya yi da shi, ya tafi wani gari, in ya huce zai dawo. Ya faɗa mata, ya faɗa wa maƙwabta, ya yi ta faɗa har shi ma ya yarda. Maganar ta yi masa daɗin riƙewa, don mai fushi yana da rai.

Inna ta karɓa, amma maganar ta zame mata ƙaya. Kullum da yamma sai ta zuba abinci a kwanon Auta mai murfi ta ajiye bayan ƙofa, da safe ta juye wa kaji ta wanke. Ba ta barin a sa wa ƙofar gida sakata. Abin da ke cin ta ba jiran ba ne kaɗai. Takan ce, a hankali, kamar mai magana da bango, to ita me ta yi masa? In da yayansa ya yi faɗa, ita da ta haife shi ba ta cancanci ko saƙon gaisuwa ba? Ta rame, idonta ya soma hazo, kuma ta daina ambaton sunansa ba tare da ta haɗa da neman yafiyar laifin da ba ta san shi ba.

Duk wannan ya bi ta kan Maƙeri yana riƙe da ƙotar. Ya tambayi mai zuma inda ya samo addar. Mutumin ya ce tsinta ya yi, ba sata ba. Can cikin daji akwai wani kufai da ciyawa ta cinye, da tsohuwar rijiya busasshiya wadda kurangar daji ta rufe bakinta ruf, in ba ka sani ba sai ka taka. Ƙudan zuma sun yi gida a bangonta, ya ɗaura igiya ya sauka, ya ga addar a ƙasa rabi cikin yashi. Maƙeri ya ce, ita kaɗai? Mai zuma ya sunkuyar da kai yana murza tsumman hannunsa.

"Akwai ƙasusuwa," ya ce. "Na ce wa kaina na dabba ne. Ban duba da kyau ba, maigida. Haka ya fi min sauƙi."

Maƙeri ya ce ya je ya sha inuwa ya dawo. Da mutumin ya fita, ya tsaya shi kaɗai da addar, kuma shaiɗan bai yi nisa ba. Aikin da aka kawo masa ai ƙarami ne. Ya zubar da karyayyen wurin, sawun hannun Auta ya bi garin ƙarfe ya faɗa bokiti, ya miƙa wa mai zuma kayansa su rabu lafiya. Inna ta ci gaba da zuba abincinta, tana da ɗa a wani gari. Wace riba ce a kai wa tsohuwa ƙashi a maimakon ɗa? Har ya ɗauki alli ya ja layi a kan ƙarfen, har ya kunna inji, dutsen ya ɗauki gudu yana kuka. Sai ya tuna muryarta tana tambayar bango me ta yi masa. Ya san amsar tambayar tana hannunsa, kuma ya san ba don tausayinta yake son gurje ta ba, don kansa ne. Ya kashe injin ya zauna har dutsen ya tsaya. Da mai zuma ya dawo, ya gaya masa addar ta ƙanensa ce, ya roƙe shi ya kai shi rijiyar.

Da sassafe suka kama hanya, shi da mai zuma da mai walda, wanda ya rufe shagonsa ba tare da an roƙe shi ba. Suka ɗauki igiya mai kauri da sabon farin yadi. Mota ta sauke su inda hanya ta ƙare, suka shiga da ƙafa. Maƙeri bai saba da daji ba, ƙaya ta yayyage masa ƙafar wando, gumi ya jiƙe shi sharkaf, amma bai ce a tsaya ba. Rana ta take tsaka suka isa kufan. Ba abin da ya rage sai tudun tsofaffin bangaye da wata bishiya da ta tsiro a tsakiyar abin da a da ɗaki ne. Mai zuma ya janye kurangar da sanda, bakin rijiyar ya bayyana, baƙi, shiru. Ya yi hayaƙi ya kwantar da ƙudan, ya ce bari shi ya sauka tunda ya saba. Maƙeri ya ce a'a, ƙanensa ne.

Suka ɗaura masa igiya a ƙugu suka zura shi a hankali. Ƙasa akwai sanyi da warin jemage. Da idonsa ya saba da duhun, ya ga abin da ya zo gani. Ga kuben fata ya bushe ya nannaɗe, ga takalmin roba ƙafa ɗaya, ga ragowar rigar da ya sani. Bai yi kuka ba a lokacin. Ya durƙusa ya shimfiɗa yadin, ya shiga tattara ɗan'uwansa da hannu biyu, yana tone yashi da yatsu don kada ya bar ko ɗan ƙarami. Ya ɗaure yadin a igiyar, ya yi musu magana suka janye shi sama.

Yana jiran igiyar ta dawo ne ya lura da bangon. Akwai ramuka a jikinsa, hagu da dama, daidai inda mutum zai sa ƙafa, suna hawa sama bi da bi. Mai zuma ya gan su tun saukarsa ta farko ya ɗauka na masu haƙar rijiyar ne. Maƙeri ya sa hannu a ɗaya ya shafa. Ba sawun diga ba ne, saran adda ne, kuma duk sun karkato daga hagu. Ashe Auta bai mutu da faɗuwar farko ba. Ya tashi, ya kakkaɓe jikinsa, ya zare addarsa ya soma sassaƙa wa kansa hanya.

Da igiyar ta dawo, Maƙeri ya ce su ja shi sannu sannu. Yana hawa yana bin ramukan da hannu. Na ƙasa manya ne masu zurfi, an yi su da ƙarfi a cikin yumɓu. Can sama suka soma ƙanƙancewa, hannun ya gaji ke nan, amma ba su tsaya ba. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da Auta ya ɗauka yana wannan aiki, da ƙishi, da duhu, yana sara yana hawa. Kusa da baki yumɓun ya ƙare, marmara ta soma, ja mai tauri. Nan ramukan suka ƙare. Daga wurin, in mutum ya miƙa hannu sosai, saura kaɗan ya kama saiwar da ke leƙowa daga bakin rijiyar. Kuma a cikin wata tsaga ta marmarar, ga ɗan ƙarfe a soke, bai fi tsawon yatsa ba.

Maƙeri ya ce su dakata. Ba sai an gaya masa ba, aikin ƙarfe ne, yana karanta shi kamar yadda wani ke karanta fuska. Auta ya ga marmara ba ta saruwa, ya cusa tsinin a tsagar don ya rataya nauyinsa a kai ya ɗaga ya kama saiwar. Da ƙarfen na da rai, da ya lanƙwasa ya riƙe shi. Ya ɓalle. Maƙeri ya kama guntun da yatsu ya yi ta girgizawa har ya fito, ya yanke shi a babban yatsa bai ji ba. A nan, yana lilo a igiya tsakanin sama da ƙasa, kukan ya zo masa, irin na babban mutum, mara daɗin ji. Na sama suka riƙe igiyar har ya gama.

Rana ta yi sanyi suka shigo gari. Mai walda ya tsaya da yadin a ɗakin ƙofar gida, ya aika a kira dattawan layi. Maƙeri ya shiga ciki shi kaɗai. Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, tukunya a gabanta, kwanon nan mai murfi a gefe. Ya durƙusa ya gaishe ta. Sai ya ɗora mata addar a cinya.

Idonta ba ya gani sosai, amma hannunta ya bi ƙotar ya sami wurin da ya lotsa, ya tsaya a nan. Sannan ta tambaye shi a ina, ya gaya mata. Ya gaya mata rijiyar, da kurangar da ta rufe ta, da ramukan. Ya gaya mata tsinin da abin da ya sa ya karye, da wanda ya ga aibinsa tun a rumfa ya bar shi ya fita da shi. Bai rage komai ba, bai kuma nemi ta ce masa komai a kai ba. Ita ma ba ta bi ta kan wannan ba. Abu ɗaya ta kama.

"Ramukan nan, Babba. Sama suke yi?"

"Sama, Inna. Har kusa da baki."

"To fitowa yake yi."

"Fitowa yake yi."

"Ashe ba fushi ya yi da ni ba," ta ce. Hawaye suka zubo mata, amma kafaɗunta da suka shekara biyu a ɗaure suka sauka. Ta rungume addar da tsatsarta a ƙirji, tana yi masa addu'a tana kiran sunansa, wannan karon ba ta haɗa da neman yafiya ba. Maƙeri ya ga sauƙin da maganarsa ta hana ta samu tsawon wannan lokaci, ya ji kunyar da ta fi baƙin cikin zafi.

Aka yi abin da ake yi wa mamaci, aka kai Auta makwancinsa kusa da mahaifinsu. Da mutane suka watse, kwanaki suka ɗan ja, Inna ta kira shi ta miƙa masa addar. Ta ce aikin da ƙanensa ya roƙe shi har yanzu ba a yi ba. Ta ce a yi, sannan a mayar wa mai zuma, shi ma ɗan wata ne kuma daji yake shiga.

Ya buɗe rumfa, ya zubar da baƙin ruwan bokitin ya ɗebo sabo. Ya kankare tsatsar, ya ja layi da alli daga bayan addar, ba daga bakinta ba, ya bar wa kan kauri yadda zai soki dabba ya kuma haƙi ƙasa. Ya kunna inji. Yana taɓa ƙarfen da dutse kaɗan sai ya ɗaga ya tsoma a ruwa, ya gwada da yatsa, in da ɗumi ya jira. Bai bari ko launinsa ya sauya ba. Ya ƙarasa da magagari, ya soka tsinin a kututture ya danne da dukan nauyinsa. Ƙarfen ya ɗan ranƙwafa ya dawo daidai. Mai faci da ya leƙo zai yi tsokana ya ga fuskarsa, ya koma bakin aikinsa.

Da ya ɗaga kai, shayin da mai walda ya ajiye masa kafin ya fara bai ma huce ba.

Da yamma ya koma gida ya zauna gaban Inna. Ta buɗe tukunya ta zuba masa, sannan hannunta ya tafi da kansa ya jawo kwanon mai murfi ya cika shi. Sai da ta ɗauki murfin ta tuna. Ta tsaya da shi a hannu, ta dubi bayan ƙofa, ta dubi ɗan da ya rage mata. Ta tura kwanon gabansa.

"Ci," ta ce. "In ka gama ka sa wa ƙofa sakata."